Ɗanki Ya Ci Bak, To Sai Me? Yadda Sabon Ɗalibi Ke Rayuwa A Jami'a

Duk shekara idan damina ta kankama aka fitar da sakamakon jarrabawar bakalorea, wadda muka fi sani da bak, akwai gidajen da guɗa ke tashi a cikinsu tun kafin yaro ya ƙaraso gida. A kasuwa ma ba a barin abin ya wuce haka nan. Mai sayar da kayan miya takan raba alewa ga maƙwabtan rumfarta, su kuma su laƙa mata suna uwar likita ko uwar alƙali. Murnar tana da hujja, domin a yawancin shekarun nan waɗanda ke faɗuwa bak sun fi masu ci yawa, kuma kowa ya san da cinikin dala-dala aka sayi kaye da bik tun daga aji ɗaya har zuwa tarminal.

Sai dai bayan wata biyu ko uku da tafiyar yaro, labari kan fara sauyawa. Waya ta yi ƙara ta yanke, uwa ta kira, ya ce kuɗi sun ƙare. Mako biyu bayan haka ya sake. Daga nan zargi ya shigo zuciya: anya yaron nan karatu yake yi? Ba an ce gwamnati na ba su kuɗi, tana ciyar da su, tana ba su ɗaki ba? Yawancin iyayenmu ƴan kasuwa ba su taɓa sa ƙafa cikin jami'a ba, kuma ɗiyansu su ne na farko a dangi da suka kai wannan matsayi. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan karo mu shiga da ku ciki, ku ga yadda watannin farko suke, domin a cikinsu ne yaro ke kafuwa ko ya tuntsure.

Ina ake zuwa?

A da hanya guda ce, kowa sai Yamai. An kafa cibiyar karatu mai zurfi a can a 1971, ta zama jami'a a 1973, sannan a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni, masanin kimiyyar hasken rana, haifaffen Tasawa, wanda ya rasu a 1991. Ban da ita sai jami'ar Musulunci ta Say da ta buɗe a 1986. A 2010 aka kafa jami'o'i 3 a cikin ƙasa: ta Maraɗi wadda yanzu ke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, ta Damagaram mai sunan André Salifou, da ta Tawa mai sunan Djibo Hamani. A 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi.

Wannan ya rage wahala ƙwarai, amma bai kawar da ita ba. Ba kowane fanni ake koyarwa a kowace jami'a ba, saboda haka har yanzu ɗan Maraɗi kan yi tafiyar sama da kilomita 600 zuwa Yamai, ɗan Damagaram kuma kusan kilomita 900. Shi ma wanda ya fito daga Mayahi, Tanut ko Keita ya zo babban birnin jiharsa, baƙo ne, domin ya baro tukunyar uwarsa. Abin da za mu faɗa game da Yamai, mafi yawansa haka yake a sauran wuraren.

Layi shi ne darasin farko

Jami'ar Yamai tana hayin kogin Kwara, ɓangaren da Zabarmawa ke kira Harobanda. Yaro ya sauka daga motar bas da dare bayan ya yini bisa hanya, da jaka da buhun gari, da safe ya tsallaka gadar Kennedy, kuma ba wanda ke jiransa a bakin ƙofa. A lise, sirbeyan na kiran suna, mushe ya san wanda ya zo da wanda bai zo ba. A nan babu ƙararrawa, babu mai tambayar ina wane.

Abin da zai fara yi shi ne rajista. Za a nemi takardar shaidar cin bak da ta makin da ya samu, takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, hotuna, da kwafin kowace takarda da hukuma ta buga wa hatimi, sannan ya biya kuɗin rajista. Idan takarda guda ta ɓace ko sunansa ya bambanta tsakanin takardar haihuwa da ta bak, zai iya share makonni yana kai da kawo, wani lokaci sai an aiko da gyara daga garinsu. Rajistar karatu daban take, neman ɗaki da katin cin abinci daban, neman burs shi ma daban, kowanne da ofishinsa da layinsa. Ku da kuka taɓa fitar da kaya daga duwan kun san irin wannan gajiya. Bambancin shi ne yaro ɗan shekara 19 ke yinta, shi kaɗai, a garin da bai sani ba.

Wurin kwana

Gaskiya ne akwai gidajen kwanan ɗalibai, waɗanda suke kira site, ƙarƙashin hukumar kula da jin daɗin ɗalibai. Kuɗinsu kaɗan ne idan aka kwatanta da haya a cikin gari. Amma gadajen ba su kai yawan masu nema ba, kuma sabon zuwa ba kasafai yake samu a shekarar farko ba. Shi ya sa ɗakin da aka yi don mutum biyu za ka tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙasa, wanda ya samu gado ya ɗauko ƙanen abokinsa ko ɗan garinsu. A Yamai ɗalibai ƴan gari ɗaya ko yanki ɗaya suna da matattararsu da suke kira ambasad, inda sabon zuwa ke ajiye jakarsa, ya samu mai nuna masa hanya, wani lokaci ma nan zai riƙa kwana har Allah ya buɗa.

Wanda bai samu site ba, hanya biyu ta rage masa. Ko su haɗu su uku ko huɗu su kama ɗaki a unguwannin kusa kamar Lamorde, Karaje ko Kirkisoy, inda mai gida kan nemi kuɗin wasu watanni a gaba, ban da na ruwa da wuta. Waɗannan unguwanni na bakin kogi ne, kuma ambaliyar 2020 ta yi musu ɓarna sosai, don haka kafin a kama ɗaki a tambayi inda ruwa ke tsayawa. Ko kuma ya sauka gidan dangi. Wannan ita ce hanyar da iyaye suka fi so saboda ba a biya, amma tana da nata tsada. Idan gidan yana nesa, kuɗin taksi ko faba-faba na zuwa da dawowa kullum zai iya fin kuɗin haya. Kuma zaman gidan mutane sai da aike da hidima. Yarinya musamman takan koma mai wanke-wanke da rainon yara, tana jin kunyar ta ce tana da jarrabawa gobe.

Maganar ciki

Akwai gidan cin abincin ɗalibai, resto a bakinsu, inda ake ci da tikiti mai rahusa. Wannan taimako ne babba, kuma da yawa daga cikin manyan ma'aikatan ƙasar nan da shi suka yi karatu. Amma layinsa dogo ne, lokacinsa ƙayyadadde ne, kuma idan darasi ya ci karo da lokacin abinci dole yaro ya zaɓi ɗaya. Akwai kuma lokutan da resto ke rufe, kamar lokacin hutu ko rikici, alhali ɗalibin nesa ba shi da kuɗin motar komawa gida. A irin wannan lokaci garin rogo da ƙuli-ƙuli da ɗan sukari su ne ke riƙe rai, sai dambu da kopto ko shinkafa da wake na matan bakin hanya idan da ƴan canji.

Bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. A ce yaro ya taƙaita, jika guda kawai yake kashewa a yini, wato dala 200, a ciki har da karin kumallo, da sabulu, da kuɗin mota, da kwafin takardu, da kuɗin waya. A wata jika 30 ke nan, a wata uku jika 90, ba a sa haya ba, ba a sa magani ba idan zazzaɓin cizon sauro ya kama shi. Uwar da ta ɗaure masa jika 20 a bakin zane ranar tafiya ta yi iyakar ƙoƙarinta, amma kada ta yi mamaki idan waya ta yi ƙara kafin wata ya mutu.

Burs ba albashi ba ne

Nan ne rashin fahimta ya fi yawa tsakanin iyaye da ɗiyansu. Hukumar ANAB ce ke kula da burs, kuma ba duk wanda ya ci bak ke samu ba, domin ana duba makin da ya samu da shekarunsa. Wanda bai cika sharuɗɗa ba yana iya neman wani tallafi da ake kira ed sosiyal, wanda bai kai burs ba. Shi ma wanda ya samu, ba a ranar da ya iso ake danƙa masa ba. Sai an karɓi takardu, an tantace, an fitar da sunaye, kuma biyan na wata uku-uku ne. Jinkirin biyan burs na daga cikin abubuwan da suka fi jawo zanga-zangar ɗalibai a ƙasar nan shekara da shekaru.

Ma'anar wannan ita ce sabon ɗalibi kan share watanni bai ga ko dala ba daga gwamnati. Ranar da kuɗin suka fito kuwa, rabinsu na masu bashi ne: mai shayi, mai kanti, abokin da ya ranta masa kuɗin rajista. Amma a gida an riga an ji labari cewa an biya, sai saƙonni su fara zuwa, wannan na neman kuɗin magani, wancan na neman gudummawar suna. Yaro mai kunya ba zai iya cewa babu ba, sai ya aika, shi kuma ya koma kan garin rogo. Ƴan uwa, burs jari ne na karatu. Duk mun san abin da ke faruwa da ɗan kasuwar da ya fara cin uwar kuɗi.

Cikin anfi

Ɗakin karatun shekarar farko, wanda suke kira anfi, ba irin ajin da muka sani ba ne. A fannonin da suka fi cika, kamar shari'a, tattalin arziki da adabi, ɗaruruwan ɗalibai ne ke zama wuri guda. Mai son kujerar gaba sai ya yi sammako bayan sallar asuba ya ajiye kaye ya kama wuri. Wanda ya makara zai tsaya a baya ko bakin taga, yana jin rabin magana. Malami ya shigo, ya yi awa biyu ko uku yana bayani, ya fita, bai san sunan kowa ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, idan wuta ta ɗauke, zaman anfi kansa jarrabawa ne.

Ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, karatun jami'a da Faransanci ake yinsa, kuma Faransancin malamin jami'a ba irin na lise ba ne. Yaron da ya saba mushe na rubuta komai a allo yana kwafa, yanzu dole ya saurara ya tsamo abin da ke da muhimmanci da kansa. Littattafai ba su wadata ba, saboda haka karatu ya dogara kan kwafin darussa da ake bugawa a shagunan fotokopi, da waɗanda ake turawa ta WhatsApp. Idan ɗanku ya ce yana bukatar waya mai shiga intanet, ba lalle gayu yake nema ba. Sanarwar sauya lokacin darasi da ranar jarrabawa duk ta nan suke bi.

Tsarin karatun ana kiransa LMD: lisans shekara 3, masta shekara 2, dokta shekara 3. Aikin likita ya fi haka tsawo. Kowace shekara an raba ta zango biyu, kowane zango yana da kiredi 30 da ake tarawa, sai an cika 180 ake samun lisans. Maki bisa 20 ake bayarwa, ana neman 10. Wanda ya faɗi wani darasi yana da dama ta biyu da ake kira ratarafaji. Don haka idan kin ji ɗanki ya ce yana da ratarafaji, ba korarsa aka yi ba, bashi ne ya rage masa zai biya. Yara da yawa da suka saba zama na ɗaya a lise kan ga maki 6 ko 7 a jarrabawarsu ta farko, su ji kamar duniya ta tashi, su ɓoye wa gida. A wannan lokaci kalma mai daɗi daga uwa ta fi faɗa amfani.

Shekarar da ba ta ƙarewa

Wani abin da ke rikita iyaye shi ne lissafin shekaru. An ce shekara 3, ga shi an shiga ta biyar yaro bai gama ba. Wani lokaci laifinsa ne, amma ba kullum ba. Yajin aikin malamai ko na ɗalibai kan tsayar da karatu makonni, kamar yadda aka gani a 2018 da 2019 lokacin taƙaddamar ƙungiyar malaman jami'a SNECS da gwamnati kan yadda za a riƙa samar da shugabannin jami'o'i. Idan haka ta faru, shekara kan shiga cikin wata, waɗanda suka ci bak su zauna jiran na gabansu su matsa. Haya kuwa ba ta yajin aiki, ciki ma haka.

Sabon ɗalibi zai kuma tarar da ƙungiya mai ƙarfi. USN ita ce uwar ƙungiyar ƴan makaranta ta ƙasa, reshenta na jami'ar Yamai shi ne UENUN, kuma a can kowa kamarad ne. Ƙungiyar na da tarihi: ranar 9 ga Fabrairun 1990 an kashe ɗalibai 3 a gadar Kennedy lokacin wata zanga-zanga, abin da ya gaggauta zuwan mulkin jam'iyyu da yawa da taron ƙasa na 1991. Ranar 10 ga Afrilun 2017 ma wani ɗalibi ya rasa ransa a zanga-zanga a Yamai, aka rufe harabar jami'a na wasu kwanaki. Abubuwa da dama da ɗalibai ke mora ta hanyar ƙungiya aka same su, kuma ita ce ke fara taimakon sabon zuwa. Amma ya kamata uba ya zauna da ɗansa kafin tafiya ya gaya masa ya san abin da ake nema kafin ya bi taro, kuma kada ya zama ɗan aiken wani ɗan siyasa.

Ɗiyanmu mata

Duk abin da muka lissafa, nauyinsa ya fi yawa a kan yarinya. Namiji zai iya shimfiɗa tabarma a ambasad ko masallaci ya kwana, ita ba za ta iya ba. Tana da bukatun wata-wata da ba za ta iya gaya wa babanta ba. Kuma inda duk aka tara ƴan mata da ba su da kuɗin abinci, masu motoci sun san hanyar wurin. Ba muna faɗar haka don a hana su tafiya ba. Matanmu na son idan sun je asibiti su tarar da likita mace, kuma ba daga sama za ta faɗo ba, daga cikin yaran nan za ta fito. Abin da muke cewa shi ne kada a tura yarinya sai an san inda za ta kwana da wadda za ta riƙa duba ta, kuma kuɗinta su riƙa isa gare ta kafin ta roƙa. Yarinyar da ta san idan ta kira uwarta za a saurare ta ba tare da zagi ba, da wuya wani ya saye ta da kuɗin taksi.

Abin da ke hannunmu

Ba kowa ke da hali ba, mun sani, kasuwa ma sai a hankali. Amma akwai abubuwan da ba su fi ƙarfinmu ba. Tun yaro na tarminal a fara shiri, a shiga adashi da sunan tafiyarsa, a nemi ɗauka ta faɗo daidai lokacin komawa makaranta. A duba takardunsa tun yana gida, a gyara kuskuren suna ko ranar haihuwa, a yi kwafi da yawa. A nemo ɗan gari da ya riga shi shiga jami'ar, a karɓi lambarsa, a damƙa masa amana.

Idan za a aika kuɗi, gara kaɗan-kaɗan a rana sananniya, ko da jika 5 ne duk sati biyu, da a tara a aika da yawa sau ɗaya a yi shiru wata uku. Yanzu da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza suka bazu ko'ina, wannan ba wuya. Wadda ba ta da kuɗi a hannu tana da abin da ya fi kuɗi auki: gari, ƙuli-ƙuli, yaji, soyayyen nama, sabulu, gidan sauro da bargo don sanyin Disamba. Saƙo guda a motar bas kan riƙe ɗaki guda na mako biyu.

Idan yaro ya tashi a rumfa ya iya ciniki, kada a hana shi ɗan abin yi da ba zai cinye masa lokaci ba. Ɗalibai da yawa na koyar da yaran unguwa da marece, wasu na sayar da katin waya, turare ko atamfa a cikin site. Ɗan ɗan kasuwa ya fi kowa sanin wannan. Amma a tuna masa abin da ya kai shi, kada riba ta ɗauke masa hankali har ranar jarrabawa ta wuce shi.

Idan kuma kun kira shi, kada tambayar ta tsaya kan ko an biya burs. Ku tambaye shi inda yake kwana, da abin da ya ci jiya, da wanda yake zama da shi, da darasin da ke ba shi wuya. Ba sai kun iya Faransanci ba kafin ku gane muryar yaron da ke cikin damuwa. Ku da kuka taɓa kai kaya kasuwar da ba ku sani ba, kun san ranar farko ba a cin riba, sai an san gari, an san mutane, an samu wurin shimfiɗa. Haka ɗanku yake a shekararsa ta farko. Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, amma ko shi sai an taimaka masa da itace.

Allah ya raya mana su, ya sa mu ci moriyar karatunsu, amin.